Hukunci Biyu na Kaka

Jiya na bi ta bayan kasuwa a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, ƙamshin gumi ya tare ni, wato shinkafar da ake turarawa da ƙaiƙayinta kafin a kai inji. Sai na ga kaina a gidan kakata a Argungu, bayan girbi, tsakar gida cike da tabarmin shanya.

Lokacin ni yarinya ce marar surutu, karatu kawai na iya. Kaka kuwa mata ne ke aiki a ƙarƙashinta, wasu a bakin wuta, wasu a shanya. Ba ta ɗaga murya. Zagayawa take yi, ta damƙi shinkafa, ta tauna ƙwaya ɗaya, ta wuce.

Wata shekara wata maƙwabciyarmu da ke wa Kaka aiki ta ƙona gumi duro guda. Ƙauri ya cika unguwa. Kaka ta leƙa duron, ta ce hayaƙi ne ke cutar idon baiwar Allah, daga yau ta koma shanya.

Ba a daɗe ba, ɗiyar ƙanwar Kaka ta kwashe shanya da sauran danshi, don tana saurin zuwa biki. Asarar ba ta kai rabin waccan ba. Amma a gaban kowa Kaka ta ce ta ajiye tsintsiya ta tafi gida, kada ta dawo sai baɗi.

Abin ya ɗaure mini kai. Na yi kwanaki ina juya shi kafin na iya tambaya.

"Mi kika gani?" in ji ta.

Na ce na ga an bar mai babban laifi, an kori mai ƙarami.

"Waccan, wuta ta hi ƙarhinta, ɗiyata. Wagga ta san abin da take yi."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban tambaye ta yadda ake bambancewa ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.

Yau ni ce shugabar wani ƙaramin sashe a ofis a Birnin Kebbi, da yamma kuma ina karatun gudanarwa. A ƙarƙashina akwai wani dattijo, sa'an mahaifina, ya kusa ritaya. Tun da aka mayar da aikinmu kan kwamfuta, nasa ba ya fita daidai. Darakta ya ce ran Litinin in gaya masa: a bar shi, ko a tura shi ƙauye nesa da iyalinsa.

Littattafaina sun ce in zaunar da shi, in faɗa masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Na jera su a kaina tsaf. Da na isa teburinsa, sai ya miƙe ya ce, "Shugaba, barka da fitowa." Na rasa ko girmamawa ce ko ba'a. Na ce Baba ina kwana, na tambayi iyali, na koma kujerata.

Ko aikin ne ya fi ƙarfinsa, ko kuwa ƙin bin 'yar cikinsa yake yi? Wallahi ban sani ba.

Daga baya na lura da wani abu. Kaka ta san gidan kowace mace da ke mata aiki, ta san wadda ɗanta ke kwance, da wadda biki ya ɗauke wa hankali. Mu yanzu sunan mutum da matakin albashinsa kawai muka sani, a tashi aiki kowa ya kama hanyarsa.

Shi ya sa yau Asabar na hau keke zuwa Badariya, unguwar dattijon, wai zan gaida matarsa. Na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama, ban shirya abin da zan faɗa ba. Daga zaure muryarsa ta amsa, ya ce in shigo, ɗiyata.