Ƙarƙashin kwaltar Dapaong

Yau na kasa zama a ofishinmu na Sokodé, sai kai-komo nake yi. Aikina hasashen zafi da danshin ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta ne, kuma kwamfuta ta nuna ruwan bana ya jiƙa wani wuri gab da garin Dapaong sosai. Ga ƙanena Salisu a kan wannan hanyar da kamiyo, wato babbar motar kaya, cike da doya.

Na kira shi. "Salisu, in ka wuce Mango ka rage gudu."

"Haba Yaya, hanya sumul take!"

"Samanta kake gani. Ƙasanta ya yi laushi."

Da la'asar ya kira ni, wai gefen titin ya lotsa, amma ya lallaɓa ya wuce lafiya.

Har yanzu hankalina bai kwanta ba. Jama'a, direban da ba shi da yaya a ofis fa, wa zai kira shi?