Ranar da Kekena Ya Riga Ni Isa Lusail

Tsere da yawa na yi a kan keke, wasu ma na manta garin da aka yi su. Amma wanda aka ƙare a Lusail, kusa da Doha, ko tsufa ya zubar mini da haƙora ba zai fita daga raina ba.

A ƙungiyarmu ba ni ce gwana ba. Aikina in shiga gaba in tare iska, gwanarmu ta laɓe a bayana tana adana ƙarfinta, in koma motarmu in ɗebo mata ruwa, in an kusa ƙarshe in kauce ta wuce. Sana'a ce sosai, amma je ka yi wa Babana wannan bayani. Injiniya ne, Bazazzage, abin da bai gani da ido ba a wurinsa ba a yi shi ba. Shekaru ina fita da asuba daga gidanmu na Al Gharrafa, in dawo kamar tsumman da aka matse, bai taɓa jin an kira sunana ba.

Ana gobe tseren ya ce, "Zan zo in gani. In da abin kirki, ki ci gaba. In babu, ki koma ki ƙarasa karatunki." Na ce, "To, Baba."

Doha ba ta da tudu, iska ce tudunta. Ranar kuwa iskar ta taso daga gefe, ta yi kaca-kaca da ayarin masu tseren. Muna kaiwa wajen gonakin Umm Salal na waiga, sai na ga mu 'yan kaɗan ne a gaba, har da ni da gwanarmu. Ƙafafuna lafiya lau, abin da na daɗe rabona da shi. Na ce a raina ko ta biyar na zo, Baba zai gan ni cikin na farko.

Sai tayar gwanarmu ta fashe. Motarmu mai ɗauke da kayan gyara tana can baya, ta maƙale a bayan waɗanda iska ta watsar. Tsayinmu ɗaya da ita, kuma kowa a ƙungiya ya san abin da ake yi in haka ta faru. Kocinmu ya yi magana ta rediyon kunnena: "Ba ta kekenki, yalla, yi maza!" Ban ma yi tunani ba. Na sauka, ta hau, na tura ta da gudu, ta tafi.

Na tsaya a gefen titi riƙe da keken da ba ya tafiya, rairayi yana shigar mini baki. Ayari bayan ayari suka wuce ni. Kafin a kawo taya an yi mini nisan da doka ta fitar da ni. Motar kwasar waɗanda suka gaza ta tsaya, direbanta ɗan Zongo ne daga Ghana, ya leƙo ya ce, "Ƙanwata, khalas, an gama, hau mu tafi. Rana bai da kyau." Ko kuka ban iya yi ba, gajiyar ta fi ƙarfin kuka.

Da muka isa an gama tseren, har an gama tafi da shewa. Gwanarmu ce ta ci. Ta rungume ni tana ta godiya, koci yana buga kafaɗata. Na hangi Baba a bayan shinge da farar riga, shi da abokansa biyu da ya gayyato daga wurin aiki. Na ƙarasa na gaishe su, suka yi mini sannu irin ta mara lafiya.

A mota, bayan mun fita daga Lusail, ya ce, "Na ga kekenki ya shigo na ɗaya. Har na ɗaga hannu, sai na ga ba ke ba ce a kai." Na fara yi masa bayani, ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai. "Na gane, kin kyauta mata. To ke wa zai sauka ya ba ki nasa?"

Na san babu. Shekarar na koma makaranta, ba tare da ya sake ɗaga maganar ba.

Har yau in aka mayar da ni titin nan zan sauka in ba ta, don aikina ke nan. Abin da na koya shi ne, mutum yana iya yin daidai, a gode masa da zuciya ɗaya, kuma a ranar ya rasa abin da ya fi so.