Baba mai ƙofa da katin buhu

Shekarar da ɗan Alhaji ya karɓi injin casar shinkafa daga hannun mahaifinsa, ni ce ke kula da mata masu turara shinkafa a bayan injin. Nan Bagudo ne, bakin hanyar da ta miƙe zuwa iyakar Benin. Na taɓa koyarwa a firamare kafin wannan aiki, shi ya sa kowa ke ce mini Malama, har masu jin haushin bakina, kuma ba kaɗan ba ne.

A ƙofar injin akwai wani dattijo da muke kira Baba mai ƙofa. Shi ke karɓar buhuna, shi ke miƙa wa masu su bayan an casa. Bai san ko bihim ba a boko, amma ban taɓa jin an ce buhun wani ya faɗa hannun wani ba. Kowa na da alamar da yake zanawa da gawayi ko shuni. Mutanen Kaoje sun fi son kifi da jirgi, wani manomin Kende ƙafar kaza yake yi, Fulani ƙahon sa. Matan da ke tsallakowa daga Benin kuwa ƙyallen atamfa suke ɗaurawa a kunnen buhu. Duk wannan yana cikin kan Baba.

Ɗan Alhaji, sabon manajan namu, mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da son takarda. Ya tara mu ya ce daga kaka mai zuwa kowane buhu kati za a maƙala masa mai sunan mai shi, a bar zane-zanen nan. Duk ma'aikaci zai koyi karatu a wurina bayan La'asar. Mai zama ƙofa kuwa dole ya iya karanta kati. In kaka ta yi Baba bai iya ba, zai koma baya kwasar ɓuntu, ƙaiƙayin shinkafar nan mai ƙura.

Ɓuntu! Dattijon da ya haura sittin, ga tari yana fama da shi. Raina ya ɓaci, na rantse a zuciyata sai Baba ya yi karatu ko da ƙarfi.

Ajin namu gindin mangwaro ne, allonmu tsohon ƙyauren shago da aka shafa wa baƙin fenti. Masu dako a gaba, mai tada inji a tsakiya, matana a gefe suna musu dariya. Wallahi ban taɓa jin daɗin koyarwa irin ta lokacin nan ba. Ƙaton da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya, sai ka ga alli ya gagare shi, yana gumi yana cewa, "Malama, wanga abu ya fi buhu nauyi!" Ranar da mai tada inji ya karanta rubutun da ke jikin injin da ya shekara goma yana tadawa, sai da ya zagaya mangwaron da gudu.

Kowa na gaba, ban da Baba. Mako uku muna rera a, ba, ca, da, shi yana bin mu da baki kawai, washegari babu ko ɗaya. Wata rana haƙurina ya ƙare, na daka masa tsawa a gaban mutane. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Kunya ta kama ni har na kasa ƙarasa darasin.

Da safe na same shi a ƙofa na durƙusa na ba shi haƙuri.

Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Kan ne ya tsufa, mi za ki yi da shi?"

Don in sauya magana sai na nuna buhu biyu masu zanen kifi, na ce ai waɗannan na mutum ɗaya ne. Ya kalle ni da tausayi.

"Haba Malama, da karatunki? Wanga wutsiyarsa a rabe take, wancan a haɗe. Wa da ƙane ne, kuma ba su ga maciji da juna."

Na tsaya sororo. Ashe idon nan ya fi nawa, ni ce na dage sai ya koya da kunne. Tun daga ranar na daina sa shi rerawa. Sai in rubuta sunan mai buhu a kati in ajiye kusa da alamarsa, Baba ya zuba wa sunan ido kamar mai duba saniya a kasuwa. Ya fara riƙe sunaye ɗungurungum, daga baya ya soma rarrabe baƙaƙen cikinsu da kansa: wannan mai doro ga shi nan ma, wannan mai sanda ya sake fitowa. Kafin ruwa ya ɗauke yana haɗa baƙaƙe, a hankali dai, leɓensa na rawa.

Kaka ta zo. Ranar farko da injin ya cika da jama'a manaja ya sa aka yanke ƙyallaye aka maƙala katuna, ya tsaya bayan Baba. Baba na karantawa, amma kafin ya gama suna ɗaya layi ya ƙaru da mutum biyar. Manaja sai duba agogo yake yi. Ni kuwa na baro tukwanena na laɓe jikin bango ina kallo.

Ana cikin haka matan Benin suka iso, motarsu na jira. Suka duba babu ƙyallensu, aka ce musu ga kati. Wane kati? Wuri ya kaure da yarensu na Dendi da Hausa. Manaja ya karɓi aikin da kansa, ya ɗaga murya ya karanta suna, mata uku suka taso tare, duk sunansu ke nan. Ya sake wani kati, biyu suka taso. Gumi ya karyo masa.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni biro."

Ya karanta sunan a hankali, ya duba ɗinkin bakin buhun, ya ce wannan na mai jan ƙyalle ne mai zanen ganye, ta kawo shi ranar Talata. Ya zana ganye kusa da sunan, ya nuna mata. Ta tafa hannu ta ce nata ne. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suna da alama, har motar ta tashi ba wadda ta yi ƙorafi.

Manaja ya daɗe yana juya kati ɗaya a hannu, sai ya fashe da dariya. Ya ce daga yau kowane kati suna da alama zai ɗauka, kuma a duk injin nan mutum ɗaya ne ya iya duka biyun.

"Baba, ƙofa taka ce."

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba, matana suka amsa daga baya.

Baba ya soke biron a hularsa ya ce, "Na gode. Amma kai ma da saura, ranka ya daɗe. Gobe bayan La'asar ka taho da tabarmarka."

Ya kuwa zo. Ya zauna tsakanin masu dako, Baba na tsaye da alli yana koya masa wutsiyar kifi, ya kuskure har sau uku muna ta dariya. Baba ya riƙe ƙofar nan har ranar da ya ce ya gaji don kansa, ko kwano ɗaya na ɓuntu bai taɓa ɗauka ba.