Ramin Tama da Jemagunsa

Jiya na shiga wani tsohon sito a bakin iyaka, warin kashin jemage ya tare ni a ƙofa. Sai na tuna da ramin tama.

Yana bayan gonar kakana, ta hanyar Magama. Iyayensa maƙera ne, can suke haƙo tama su narka. Da ƙarfen mota ya yawaita aka bar ramin, jemagu suka gaje shi. Lokacin ɗari ba su cika fita ba. In ka leƙa za ka gan su reto a jikin dutse, sun ɗunƙule, ko motsi babu. Da bazara kakata ke kwaso kashinsu a ƙwarya ta zuba wa albasa.

Wata shekara maraƙin wani makiyayi ya faɗa ciki ya karye. Mai unguwa ya zo da mutane har ƙofar maƙerar kakana, ya ce a cusa ƙaiƙayi a sa wuta, sannan a cike ramin, tun kafin ɗan wani ya faɗa. Gaskiya gare shi, mu ma can muke wasa.

Kakana bai ɗago daga aikinsa ba.

"Ranka ya daɗe, ba ni kwana bakwai," ya ce. "In na kasa, ni zan ɗauko maku wutar."

"Kan jemage, Baba?"

"Sun riga ka zama a unguwar nan."

Kakana ya je wajen masu gyaran manyan motoci ya roƙo karyayyun sifirin, dogayen ƙarafan nan na ƙarƙashin mota. Kwana shida yana dukansu, ƙanin babana na zuga. Ya jera su a bakin ramin, tafin hannunsa ne ma'auni tsakanin ƙarfe da ƙarfe: ƙafar yaro ba ta kai shi ciki, jemage kuwa ya wuce. Makiyayin ya zo ya hau kai, ya yi tsalle sau biyu, ya sauka. Da magariba muka ga jemagun sun fito ɗaya bayan ɗaya.

Kakana ya daɗe da rasuwa. Ƙarafan, an ce masu sayen tsohon ƙarfe ne suka ɓamɓare su. Bara wanda ya sayi gonar ya kira tifa, aka cike ramin kafin azahar. Ban zarge shi ba, yana da 'ya'ya ƙanana. Na tambaye shi ko jemagun na ciki a ranar. Ya ce bai leƙa ba.