Sunan da Sailuba Ta Kai Tsibiri

Shekara goma sha huɗu muka yi da Sailuba a bene ɗaya a Germantown, ƙofarta na kallon tawa, kuma ban taɓa ganinta a bayan sitiyari ba. Mijinta, marigayi Injiniya Munzali, ya yi ya yi ta koyi tuƙi, ta ce ba mai sa ta hawa babban titin I-270 da ranta. Da ya rasu a 2009 ta ba wani ɗan'uwansa motar, ta ci gaba da yadda ta saba: bas zuwa tashar jirgin ƙasa, jirgi zuwa cikin Washington, sannan jirgin cikin gari na Metro zuwa wani ginin gwamnati a unguwar Southwest, inda take aikin shigar da tsofaffin takardu cikin kwamfuta. Ni Dorkas nas ce, 'yar Kafanchan, ina da motata, amma in ina son sanin ƙarfe nawa bas zai zo ita nake tambaya.

Ciwon suga ne ya koya mata yawo. Likita ya ce ta riƙa tafiyar rabin awa kullum, ita kuwa ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Ta fara da zagayen ɗan tafkin bayan gidajenmu, kafin shekara ta zagayo ba dajin shaƙatawar da bas ke kaiwa wanda ba ta taka ba. Ran Asabar sai ka gan ta da hijabi da takalmin kambas, ga fulas na shayi a jaka. Nakan ce mata, "Maman Fahad, mutane sun gudo daga daji sun zo Amurka, ke kin zo Amurka kina neman daji." Sai ta yi dariya ta ce in ɗauko takalmina.

Maman Fahad kowa ke ce mata, amma Fahad shi ne na biyu. 'Yar farinta Zahra ce, kuma Sailuba ba ta taɓa faɗin wannan suna ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta gidansu a Gumel. In tana son kiranta, sai ta ce "ke". In tana ba ni labarinta, sai ta ce "yarinyar nan" ko "yayar Fahad". A makaranta ma, in an tambaye ta sunan 'yarta, takarda take miƙawa. Na san al'adar tun a gida, ban taɓa ɗaukarta bakin komai ba. Zahra kuwa a nan aka haife ta, a nan ta girma, tana jin uwayen ƙawayenta suna ƙwala musu kira daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan.

A bazarar 2014 Zahra ta sami aiki a Seattle, can ƙarshen yammacin Amurka. Ina gidan ana cin tuwo, Sailuba ta ce, "Ke, miƙo min yaji." Zahra ta ajiye cokali.

"Umma, ina da suna. Twenty-four years, ko sau ɗaya ban ji shi a bakinki ba. Na Fahad kuwa sau ɗari a rana."

Sailuba ta sunkuyar da kai, tuwon nan bai ƙara ciyuwa ba. Washegari da safe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, idonta a kumbure.

"Dorkas, gani take ba na son ta. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira yayanmu da suna ba, kuma duk cikinmu shi ta fi so."

"To ki kira ta mana! Baƙi nawa ne a sunan?"

"Zan kira. Amma ba a ɗakin nan ba, hoton babanta na kallona. Sai inda ba wanda ya san ni."

Ashe ta riga ta samo wurin: wani tsibiri can arewa a jihar Maine, mai kurmi da tafkuna da hanyar ƙafa a gaɓar teku, kuma ƙananan bas-bas na zagaya shi, suna sauke masu yawo a bakin kowace hanya. Ta kwafe lokutansu duka a bayan wani ambulan. Kwana uku za mu yi, daga can Zahra ta wuce Boston ta hau jirgin sama. Ni aka ɗauka 'yar rakiya, kuma ni na ɓata shirin tun kafin mu tashi, don bakina ba ya riƙe magana. Na ja Zahra gefe na ce, "Uwarki za ta kira sunanki a tafiyar nan, ki yi kamar ba ki sani ba." Ta ce, "Anti Dorkas, kin tabbata?" Na rantse mata.

Jirgin ƙasa ya kai mu Boston, doguwar bas ta kai mu bakin gada, ƙaramar bas ta tsallaka da mu. Rana ta farko kurmi muka shiga. Itatuwan dogaye ne masu ƙamshi kamar turaren wuta, ƙasa taushi a ƙafa, ba ka jin komai sai numfashinka. Na ja baya da gangan na bar su su biyu. Ina hango Sailuba ta tsaya ta gyara hijabi, ta buɗe baki, sai ga wasu Turawa da karensu sun ɓullo suna gaishe mu. Ta amsa gaisuwar, ta yi gaba.

Rana ta biyu tafki muka zagaya. Ruwan garau, kana ganin tsakuwar ƙasansa. Suka yi azahar a kan wani faffaɗan dutse, ni ina gefe ina murza gwiwata. Da suka shafa addu'a Sailuba ta juyo ta daɗe tana kallon 'yarta. Zahra ta daina motsi. Ni ma na daina murza gwiwar.

"Ke," in ji Sailuba, "ga dambun nama."

Zahra ta karɓa ta ce na gode. A bas ɗin komawa masauki ba ta zauna kusa da mu ba. Raina ya ɓaci, na ce wa Sailuba a kunne, "Wai ke me ke damunki ne?" Ta nuna maƙogwaronta ta ce, "Yana zuwa nan, sai ya tsaya. Wallahi yana zuwa." Na kalle ta, na ga ba taurin kai ba ne.

Rana ta uku ita ce ta gaɓar teku, kuma ta ƙarshe. Ambulan ɗin Sailuba ya ce bas ɗin huɗu da minti ashirin shi kaɗai zai haɗa mu da doguwar bas ta Boston. In ya wuce mu, jirgin Zahra ya wuce ta. Hanyar ta bi ta kan duwatsu masu ja-ja, teku na dukansu daga ƙasa, iska na fizgar hijabin Sailuba. Zahra ta yi gaba abinta tun safe, hannuwa cikin aljihu. Gwiwata ta hana ni sauri, Sailuba kuma ta ƙi barina a baya.

Wajen ƙarfe huɗu muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ta hagu tana hawa zuwa titi inda bas ke tsayawa, ta dama tana ci gaba da bin gaɓa har wani tsini mai nisa. Can muka hango jar rigar Zahra a ta dama, tana ƙara nisa. Na ciro waya, ba sabis ko ɗigo.

"Ke!" Sailuba ta ɗaga murya. "Ke! Yayar Fahad!"

Zahra ta ɗan tsaya. Na tabbata ta ji, don na ga kafaɗunta sun motsa. Amma ba ta juyo ba. Ta tsaya nan bayanta gare mu, tana jira.

Na duba agogo, huɗu da minti shida. Na duba Sailuba. Ta saki jakarta ƙasa, ta dafe ƙirji da hannu biyu, leɓunanta na rawa. Na sake duba agogo. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, an koya mini in lokaci na ƙurewa in yi abin da ya kamata in bar tunani. Na cika ƙirjina da iska na ƙwala kira.

"Zahra!"

Ta juyo da sauri, ta taho a guje tana tsallake duwatsu, tana dariya tana kuka kamar yarinyar da aka zo ɗauka daga makaranta. Iska ta ɓoye mata ko muryar wa ce. Sai da ta matso ta ga hannuwana biyu har yanzu a gefen bakina, ta ga uwarta tsaye, baki buɗe. Gudun ya koma tafiya.

Mun sami bas ɗin, har da sauran minti uku. Muna zama Zahra ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na ɗauka ita ce, Anti."

A Boston suka rungumi juna, Sailuba ta yi mata addu'a mai tsawo, ba suna a ciki. Mu biyu muka kamo hanyar gida a jirgin ƙasa. Har muka wuce New York ban iya ba ta haƙuri ba. Sai wajen Baltimore ta yi magana, idonta a taga.

"Ya wuce nan fa, Dorkas," ta ce, ta taɓa maƙogwaronta, sannan ta taɓa leɓenta. "Ya iso nan."