Ranar da Lefe Ya Iso Ba Na Gida

Shekarun baya, lokacin da ake shirin auren autata bayan ta gama karatu, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu, duk da an san ni ba mai faɗa ba ce.

Babban ɗana yana da shago a Kwalkwalawa, inda yake buga wa ɗalibai takardu da kwamfuta, irin babbar nan ta kan tebur. Shi ya saya mini waya, ya haɗa kalandarta da ta kwamfutarsa. Duk abin da ya rubuta a can sai ya fito mini a nan, har da ƙararrawa. Ni da na koyi karatu da girmana, a ajin yaƙi da jahilci tun zamanin soja, abin ya burge ni ƙwarai. Nakan buɗe ina bin baƙi da yatsa, ina ji da kaina kamar wata ma'aikaciyar ofis.

Dangin ango mutanen Dundaye ne. An tsayar za su kawo lefe ranar Lahadi, haka kuma wayata ta nuna. Saboda haka ranar Asabar da hantsi na ɗauki mayafina na tafi ta'aziyya Ƙofar Taramniya. Ina zaune cikin mata sai ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, ina kike? Ga mata cike da mota bakin gida, har sun fara sauke akwatuna."

Ban san yadda na hau babur ɗin kabu-kabu ba. Na tarar da tsakar gida ba shara, wanki a kan igiya, ba a toya cincin ba balle a ɗora tukunya, kuma ban da ƙanwar nan babu ko ɗaya cikin dangina da za su karɓi kaya. Gwaggon ango, dattijuwa mai sanyin murya da kaifin harshe, ta dube ni ta ce, "Hajiya, in ba a shirya ganinmu ba, ai da an aiko muna. Ko dai abin na ba a so?"

Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Suka buɗe akwatuna sama-sama, suka sha ruwa, suka tafi. Autata ta shige ɗaki tana kuka, tana cewa shi ke nan an fara raina ta tun ba ta shiga ba.

Da ɗana ya zo, ko zama bai yi ba ya ce, "Inna, ai baffan ango ya taho shago tun farkon mako, yac ce an maido Asabar. Nan take na gyara. Ke dai kin taɓa wani abu."

Na ce ban taɓa ba.

Ya karɓi wayar ya kashe ya kunna. Lahadi. Ya ce na kashe data, ya duba ya ga a buɗe take. Ya duba agogon wayar, daidai yake. Ya yi ta jan allon ƙasa da yatsa wai ya sabunta, Lahadin nan tana zaune daram. Duk da haka bai fasa ba: "Tsofaffi kuna danne-danne ba ku sani ba." Mahaifinsa ma ya sa baki, wai dama wa ya aike ni riƙe irin wannan waya.

Washegari da safe wayar ta buga ƙararrawa, wai yau lefe. Saura kaɗan in jefa ta cikin randa.

Maimakon haka na ce sai mun je shagon, ni da ɗan nawa da autar. Ita ta ajiye wayar kusa da kwamfutar tana duba su ɗaya bayan ɗaya, can ta ce, "Yaya, wanga adireshi ba shi na cikin wayar Inna ba." Ashe watan da ya wuce kwamfutar ta lalace an kai gyara, ya manta kalmar sirrinsa, ya buɗe sabon imel. Tun daga ranar yana ta aika saƙo gidan da ba ni ciki. Ya sa sabon adireshin a wayata, sai ga Asabar ta fito, bayan ta gama ɓarnarta.

Abin da ya ce kawai, "Au, ashe."

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Ko da injin ya yi aikinshi, maganar surukai ake ba inji? Kullum da safe kana shigowa gaishe ni, kana cin ɗumamena, bakinka bai iya cewa Inna an canza rana ba?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

Ni na toya cincin da dubulan na kai Dundaye da ƙafata. Ban faɗi laifin wane ne ba, don uwa ba ta kwance wa ɗanta zane a gidan surukai. Na zaci shi zai je ya wanke ni. Bai je ba.

An yi aure lafiya, yanzu har da jikoki, kuma kalandar ba ta sake kuskure ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, idan abu ya lalace tsakanin inji da tsohuwa, tsohuwar ake fara tuhuma. Har yau duk sunan da ya haɗa mu, gwaggon nan sai ta tare ni da murmushi: "Hajiya, yau dai an san da zuwanmu?" Mata su yi dariya, ni ma in taya su. A Dundaye, ni ce matar da ta manta ranar lefen ɗiyarta.