Ban Yanka Gurguwar Zabuwa Ba

Aji uku na yi a firamare, shi ma na ukun rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri, hannuna da wuƙa ya saba, ba da biro ba. Sana'ata sassaƙa hatimi. Ka ba ni guntun icen aduwa in fere shi, in fitar maka da kunama ko buta ko makulli, ka shafa tawada ka buga a buhun geronka, direban da bai san bihim ba ya gane kayanka a tasha. Daga Gwiwa har Babura buhunan da ke ɗauke da aikina sun fi ni yawo.

Amma duk abin da na sassaƙa babu kamar zabuwar mai ɗakina. Yaji take dakawa, ta ƙulla a leda, ta naɗe da takarda mai hoton zabuwa. Ranar da nake sassaƙa ta wuƙa ta zame, ƙafa ɗaya ta gajarce, daga baya icen ya tsage ta kan fiffike. Na so in jefa ta a murhu, matar ta hana. Ashe arzikinta ke nan. A kasuwar Babura mutanen Nijar ba sa tambayar sunan kowa, sai su miƙo sefa su ce a ba su yajin gurguwar zabuwa. Wasu mata sun sa an yi musu tasu zabuwar, lafiyayya mai ƙafa biyu daidai, masu saye suka duba ba tsaga a fiffike suka ajiye. Da wannan guntun icen muka aurar da 'ya'ya, da shi ake ɗora tukunya a gidana.

Yadda nake bugawa kuwa ba abin faɗa a taro ba ne. In shafa tawada, in ɗora takarda, in ɗora faifan katako, in zauna a kai. In tashi, in sake. Mazaunaina su ne injina. To tsufa ya zo, gwiwoyi suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, jiki ya yi sauƙi, zabuwa ta fara fitowa dishi-dishi.

Ana nan sai abokina ya zo da labari. Tsohon akawun ƙaramar hukuma ne a Kazaure, Bafillace, ni kuwa kakana Babarbare ne daga gabas, saboda haka tsakaninmu babu kunya.

"Kai bawana," in ji shi, "wata ƙungiya za ta ba masu irin wannan ɓarnar icen taka tallafi. Injin matse takarda, da kayan aiki. Amma na matasa ne, kai kuwa da kai aka haƙa rijiyar garin nan."

Na ce, "Ɗan nono, ka manta da wa kake magana?"

Domin tun ina da ƙuruciya aka naɗa ni sarkin samarin unguwarmu, har yau kuma ba wanda ya zo ya ce in sauka. Waɗanda suka naɗa ni wasu sun yi jikoki, wasu suna maƙabarta. Ni dai ina nan da sarautata.

Shi ya cike takardar. Da ya zo wurin shekaru ya ɗago biro ya dube ni. Na ce rubuta sarkin samari. Ya rubuta yana dariya har da riƙe ciki, ya ce in an kama ni bai taɓa ganina ba. Ba a jima ba saƙo ya shigo wayarsa, wai in zo Kazaure da katakon da na fi alfahari da shi.

Mai ɗakina ta ciro zabuwar daga cikin langar da take ɓoye ta, a naɗe a tsumma. Ba ta sake ta nan da nan ba.

"Malam, yadda ka karɓe ta haka za ka dawo min da ita. Kasuwa na tafe, takarduna sun ƙare."

"Da inji zan dawo miki."

"Ni zabuwa na ba ka."

Da safe na dubi madubi, na ga gemu fari fat kamar audugar da aka shanya. Na dubi kwalbar tawadata, baƙin tukunya ce da ƙaro. Ba sai na faɗa muku abin da na yi ba. Na dai fito gida da gemun ɗan shekara talatin da farar riga mai sitaci, na hau acaɓa.

Lokacin bazara ne. Ɗakin taron na kwano, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya tana kallonmu. Samari da 'yan mata sun cika benci, kowa da katakonsa a cinya. Mai jagorantar abin wata malama ce mai koyar da zane daga Kano, da tabarau, ba ta da hayaniya. Da aka kira ni na miƙe, sai na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta wuyana.

"Baba," in ji Malama a hankali, "gemunka yana zuba."

Ɗakin ya fashe. Na duba ƙirjina, ga siffar gemuna ta kwanta a kan farar riga, baƙa wuluk. Bafillacen nan yana can benci na ƙarshe ya cusa hula a baki.

"Baba, sanarwar ta ce matasa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne sarkinsu. A ina kika taɓa ganin an kira talakawa an bar sarki a waje?"

Ta cire tabarau ta share ido. Ta yi shawara da alƙalai biyun da ke gefenta, sannan ta ce in nuna aikin. In ya cancanta, ita da bakinta za ta yi wa ƙungiyar bayanin shekaruna.

Yaran nan da bayan cokali suke murza takarda a kan katako, a nutse, kamar masu lallashin jariri. Ni na ajiye nawa a ƙasa, na ɗora faifai, na tattare riga, na zauna daɓas. Aka sake dariya. Na tashi na ɗaga takardar. Ranar zabuwar nan ta san a gaban baƙi take. Kowane ɗigo na jikinta ya fito, ga gajeriyar ƙafa, ga tsaga. Malama ta karɓa ta daɗe tana kallo.

Bayan azahar aka tace, muka rage mu biyu, ni da wata yarinya 'yar Roni da ta sassaƙa duwatsun garinsu da mata suna hawa da tuluna. Injin yana gefe, kore, da wani abin juyawa kamar sitiyarin tirela. Na je na shafa shi. Gwiwoyina ma sai da suka yi masa sallama.

Sai Malama ta karanto sharaɗi. Wanda zai karɓi tallafin zai buga kwafi goma, ya sa hannu a kowanne, sannan a ja wuƙa a fuskar katakon daga kusurwa zuwa kusurwa a gaban shaidu, yadda ba zai sake buguwa ba.

Na zaci kunnena ne. Na ce, "A yi me?"

Ta yi min bayani, kuma ba da raini ba. Ta ce haka tsarin wannan sana'a yake a wurin masu saye. Za a kai goman nan baje koli a birni, wanda ya saya ya biya da tsada domin ya san bayan su babu wani a duniya. Da kuɗin ne ake sayen injin na wata shekara. Maganarta ba ta wauta ba ce, na ji ta sarai.

Bafillace ya matso ya raɗa min, "Kai Babarbare, yanka mana. Ka je gida ka sassaƙa wata. Ice ya ƙare a Gwiwa ne?"

Na buɗe hannuna a ƙarƙashin tebur na dube shi. Yana rawa. Ya daɗe yana yi, ba wanda na gaya wa. Kunama da buta har gobe zan fitar, amma ɗige-ɗigen zabuwa ƙanana kamar ƙwayar gero, wannan hannun ya gama da su. Ko da zai iya, wa zai sa ice ya sake tsagewa a daidai wurin? Gemu na rina, hannu ba ya rinuwa.

Malama ta ajiye wuƙa a tsakiyar tebur. "Baba, kai ne babba, kai za mu fara tambaya. Ka amince?"

Na miƙe da rigata mai gemu. Na ce, "Malama, wannan zabuwar ba ta san goma ba. Ta shiga gidan da ni ban taɓa shiga ba, ta tsallaka iyaka ba takarda, an lashe yajin an kunna wuta da ita, washegari ta sake fitowa. Ku darajar abu a wurinku ita ce ya yi ƙaranci, ni darajar tawa ita ce ta cika kasuwa. Mutum goma a birni su rataye ta a bango, matata ta zauna da yaji ba mai tambaya? Ba da wuƙata ba, ba da taku ba."

"To ka kawo wani katakon, Baba, mu duba."

"Wanda kuka duba kuka so shi ne wannan. Sauran kunamu ne."

Sai na tuɓe rigar, na tsaya daga ni sai singileti, na shimfiɗa ta a kan tebur. Na ce, "In abin da babu irinsa kuke nema, ga gemuna. Kwafi ɗaya ne tak, katakon ma ya riga ya wanke."

Har alƙalan sai da suka kifa kai. Malama tana dariya tana girgiza kai, amma ba ta janye sharaɗin ba, ni ma ban janye ba.

'Yar Ronin nan ta buga gomanta, ta ɗauki wuƙa ta ja a kan duwatsunta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba. Aikinta ya yi kyau, kuma tana da wasu ɗari a cikin hannunta da ba su fito ba tukuna. Na sa mata albarka a matsayina na sarkinta, na naɗe zabuwata a tsumma, na mayar da rigata.

A tasha Bafillace ya ce, "Taurin kan Barebari ya ci inji."

Na ce, "Biya min kuɗin acaɓa, bawa ba ya barin ubangidansa a ƙasa." Ya biya.

Na iso gida bayan la'asar, mai ɗakina tana tankaɗe. Ba ta yi min sannu da zuwa ba sai da ta kwance tsumman, ta bi fuskar icen da babban yatsa, ta tsaya a kan tsagar, ta taɓa gajeriyar ƙafar. Sannan ta ɗago ta ga rigata, ta ga gemu rabi fari rabi toka.

"Ina injin?"

Na juya na nuna mata bayana. "Ga shi nan, bai je ko'ina ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da tulin takardu da kwalbar tawada, ta ga kwalbar ta yi rabi, ta dubi gemuna. Da aka sauke tuwo sai na ga malmala uku a kwanona maimakon biyu.

"Cinye, Sarkin Samari," in ji ta. "Ka ƙara nauyi. Zabuwata ta fara fitowa fari-fari."

Na cinye tas. Na shafa tawada, na ɗora takarda, na ɗora faifai, na ce bismillahi, na zauna.